Kwalli a Idon Mainasara

Shekarar da ciwon bushiya ya share shanun mahaifinmu a dajin Doguwa, muka tattara muka dawo Tudun Wada. Bai daɗe ba ya rasu. Innarmu Kyauta, macen da ta tashi a tsakiyar garke, sai ta wayi gari ba ko akuya, ta koma neman faɗa da duk wanda ya gifta. Wata maƙwabciya ce ta gaji, ta ba ta ɓeran Masar guda biyu, ko ta samu abin yi. Kafin shekara uku sun kai goma sha huɗu.

Ba ta yankawa, ba ta sayarwa. Garkena take ce musu, kuma kaiton wanda ya yi dariya. Kowanne da sunansa. Da hantsi za ta tsaya a ƙofar madafi ta yi irin kiran da ake yi wa shanu, su fito suna tsuwa. Ɗan lelenta shi ne Mainasara, wani ja mai farin goshi.

A ranin shekarar casa'in Mainasara ya fara karo da murhu. Ya rame, gashinsa na zuba, dusa ma sai an tura masa baki. Inna ta ɗauko tandunta ta shiga rambaɗa masa kwalli safe da yamma, kamar amarya. Na ce, "Inna, dabba ce fa." Ta ce ita ta haife ni, ba ni na haife ta ba.

Bayan sati biyu ta same ni ina tankaɗe. "Safara'u, ciwon ya kama su duka. Kowanne na ɗaga, idonsa fari fat. Garke na biyu zai tafi ina kallo."

Ban ko duba su ba, Allah ya yafe mini. Ran kasuwa dai na raka ta wajen malamin dabbobi, da ɓeraye biyar cikin kwando. Layi duk bijimai da raguna, mu kuma kwandonmu na tsuwa. Kunya kamar in nutse.

Malamin, wani siriri mai suna Jibrin, bai yi dariya ba. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce abin da ke damun Mainasara yanar ido ce ta tsufa, ba ta da magani a wajensa, ramar kuwa rashin ɗanyen ganye ce, dusa kaɗai ba ta riƙe su. A nemo ganyen latas da karas wajen masu lambu, a daina sauya wa kwanonsa wuri, kwalli kuma a bar shi haka.

"Sauran huɗun fa?" in ji Inna.

"Lafiyarsu ƙalau, Inna." Ya ƙura mata ido. "Don Allah ɗan juyo wajen haske."

Ta juya tana mita. Ya ɗaga yatsu uku daga bakin ƙofa, ta ce biyu, ta kuma ce ai hayaƙin madafi ne bai sake ta ba tun safe. Gida ɗaya muke, na ga ta daina ɗinki, na ga tana zuba nono gefen ƙwarya, duk na ɗauka rigimar tsufa ce.

Takarda ya rubuta mana zuwa asibitin ido a Kano. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da na hagun ya tafi ke nan. Aka yi mata aiki, ta dawo da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Har yau in na tuna Malam Jibrin sai na yi masa addu'a, don shi ya ga abin da ni 'yarta ban gani ba.

Tana shiga gida, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi madafi. Ta ɗaga su ɗaya ɗaya, idanu baƙaƙe wul, tana hamdala. Da ta zo kan Mainasara ta daɗe tana dubansa, shi kuwa yana shinshina yatsunta.

"Kai ka kai ni asibiti," ta ce masa. "Kai kuma ba inda zan kai ka."

Ta zauna nan ƙasa, ta ɗora shi a cinya, tana gutsura masa karas da haƙorinta.