Asalin Gidanmu a Ma'aji Uku

Litinin: Yamai zuwa Sabon Gida

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba motarmu ta bar tashar Yamai. A jakata akwai ordinata, wato kwamfuta, da kile guda, ɗan abin ajiyar nan da ake cusa mata, da tsohon littafin da Baba, Allah ya jiƙansa, ya rubuta asalin gidanmu a ciki.

Aikina rubuta manhaja ne. Wadda muke yi tana riƙe tarihin rubutu: duk gyaran da aka yi, da wanda ya yi shi, ba ta zubar da na da. Bayan rasuwar Baba na zuba littafinsa a cikinta, don danginmu na Adar su riƙa ƙarawa. Sai dai na yi wauta irin ta ɗan birni. Manhajar wuri ɗaya ta san tana kafa ma'ajinta, wata babbar na'ura a Yamai, kuma sai da rezo, wato intanet, ake kaiwa gare ta. Shekara biyu ko suna ɗaya bai iso ba. Wata uku na yi ina raba aikin kafa ma'aji da sauran jikin manhajar, kamar ruwan gatari da ƙota, yadda kowa zai saka abin ajiyar da yake da shi. Ina cikin haka aka aiko cewa jikin Kaka, mahaifiyar Baba, ya yi sanyi. Ita kaɗai ta rage da ta san sunayen da suka wuce kaka na huɗu, inda littafin Baba ya tsaya.

Jandarmomi sun duba takardunmu bayan Doso, sun sake dubawa kafin Ƙonni. A Galmi warin albasa ya cika motar, sai na tuna yadda Baba yake sauka nan ya yi ciniki kamar zai sayi buhu goma, ya dawo da 'yar leda. Ƙarfe uku muka isa Madawa. Na sayi kilishin jikka ɗaya, na hau kabu-kabu zuwa Sabon Gida.

Rakiya, 'yar gwaggona, malamar makaranta ce, tana da wata tsohuwar ordinata mai nishi kamar injin niƙa.

"Isuhu, in abun nan naka na rezo ne, maida shi jaka," in ji ta.

"Yanzu tambaya shika yi, ina za a aje."

Muka zaɓi cikin na'urarta, ma'aji ya kafu nan take. Kafin magariba ta shigar da haihuwa tara da aure uku. Na ci tuwon dawa da miyar kuka, na kwana a ɗakin mijinta.

Talata: Buza da Allakaye

Ƙarfe bakwai na samu wata akori-kura mai zuwa Buza. Na tambayi direba awa nawa ne, ya ce, "Tayoyi ka sani, ba ni ba." Awa uku muka yi, har da faci ɗaya. Duwatsun nan jajaye da na bari ina ɗan shekara goma sha biyu suna nan inda suke, ni ne dai na yi furfura. Daga Buza babur ya kai ni Allakaye da azahar.

Baffa Amadu, ƙanen Baba, ba shi da ordinata. Waya yake da ita mai katin ajiya, cike da karatun Alƙur'ani da hotunan raguna. A kan katin nan muka kafa ma'aji na biyu, muna zaune a inuwar rumbunsa. Na karanta masa abin da Baba ya rubuta, ya ɗaga hannu.

"Nan yayana ya yi kure. Kakanmu ba daga Buza ya taso ba, daga tudun Keita ne." Sai ya leƙa wayar. "To in na gyara, nashi ɓacewa za shi yi?"

"A'a, Baffa. Naka shi hau, nashi shina nan ƙasa."

"Madalla. Da ban taɓa ba. Muna gardamar ga tun muna kiwon awaki, ban so in ci shi don ba shi nan."

Na yi dariya, amma idona ya kawo ruwa. Rabon da in ji wani ya yi maganar Baba kamar mai rai, na manta.

Laraba: Keita da Ibohaman

Hanyar Keita ta cinye safiyar duka. Jandarma ɗaya ya tsaida mu a bakin gari, ya juya kilen nan a hannunsa, ya tambaye ni waƙoƙi ne a ciki. Na ce sunayen kakanni za a zuba. Ya maido mini da hannu biyu. Ƙarfe biyu na shiga Ibohaman.

Kaka tana kwance a tabarma, ta ƙanƙance, Gwaggo Hassi, autarta, tana mata fifita. Amma bakin nan na tsokana yana nan daram.

"Maigida, sai yau? Na aza ka sake ni."

"Wa ka sakin amarya irinki?"

"Amarya da ba a kawo ma ko goro ba."

Na ajiye goro da sabulu, aka dama mini fura. Babu wuta, babu rezo, sai na kafa ma'aji na uku a kan kile, ina lallaɓa batir. Kaka ta sa aka jingina ta da bango, ta fara daga can sama. Suna bayan suna, wa ya haifi wa, wa ya auro Bafillata, wa ya bi raƙuma bai dawo ba. Kakanni uku ta ƙara a kan na Baba. Wajen la'asar ta gangaro kan 'ya'yanta, ta ce, "Amadu, Rabi, Hassi."

Ni da hannuna a kan madannai, bakina ya riga hankalina. "Kaka, kin tsallake na farko."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya. Sai a lokacin na tuna: a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta. Shekara sittin da wani abu Kaka ba ta kira Baba da suna ba, ko ranar da aka binne shi. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Kaka ta juya ta kalli ƙofa. Sannan ta ce, "Wancan, shina ciki?"

"Shina ciki, Kaka. Shi ya hwara rubutawa."

"To hwaɗa min, in ji a bakinka."

Na faɗi sunan Baba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.  Da safe na kwashi kwafi a ordinatata, Kaka ta karɓi kilen, ta sa Gwaggo ta jefa mata a ƙwallarta ta ƙasa, inda take ajiye turare.

Juma'a: Gida

Na biyo ta Tawa, na kwana, na iso Yamai ƙarfe biyar na yamma. Washegari na haɗa kwafin ma'ajin nan uku da na kwaso a ordinatata wuri guda. Duka suka shiga lafiya, sai a layi ɗaya manhajar ta tsaya. Na Sabon Gida da na Allakaye sun ce Kaka ta haifi huɗu, na Ibohaman ya ce uku. Ta tambaye ni ko ta cike gurbin. Na bar na Kaka yadda ta faɗe shi.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan Gwaggo ta kira ni da labarin rasuwar Kaka. Godiyata ga Rakiya, da Baffa, da direbobin da suka kai ni a kan lokaci. Wanda ya karanta wannan, ya sa uwar da ɗan farinta a addu'a.