Ranar da Na Taɓa Jeren Inna

Har yau in aka buɗe baƙar lema kusa da ni sai na zabura. Jiya ma iska ta kwaso baƙar leda a tsakar gida, ban san sanda na kai bayan randa ba. Inna ta dube ni ta ce, "Sannu, injiniya." Sunan da ta laƙaba mini ke nan tun ranar da na gyara mata ɗaki.

Gidanmu a bayan garin Yelwa yake, wajen hanyar Birnin Yauri. Marigayi Baba ya gina shi tun unguwar duk gonakin gero ce, kuma ɗakin Inna bai motsa daga wancan zamanin ba. Fenti shuɗi da ya koma launin ruwan tafki da damina, gado mai rumfa, da silin kwali da ya yi ciki kamar akuya mai shirin haihuwa. Sai kabad, a kan kabad kuma jere: kwalla kan kwalla, samira, kumbo, har da na kakata da aka tsallako da su a kwalekwale kafin ruwan dam ya ci garinsu. Jeren ya hau har ya tokare sili.

Ban taɓa damuwa ba sai da aka aiko cewa gwaggonnin wanda zan aura za su zo ranar Asabar su gai da Inna, su gan ni, su ga inda na tashi. Mutanen cikin gari ne, masu tayil har banɗaki. Babbarsu kuwa, an ce daga bakin ƙofa take duban ɗaki ta yanke wa yarinya hukunci.

Na roƙi Inna ta bar ni in gyara.

Ta ce, "Yi fentinki, canza labule. Amma jerena kak ki taɓa shi."

"Don mi, Inna?"

"Don na ce."

A gidanmu babba ba ya ba da dalili, shi ya sa yaro ke ƙirƙiro nasa. Na yanke cewa camfi ne irin na tsofaffi, ni kuwa na gama sakandare.

Ranar Alhamis Inna ta tafi Wara ta'aziyya. Motarsu na tashi na kira taubashiyata, 'yar kawuna, wadda ba ta taɓa ba ni shawarar da ta ƙare lafiya ba. Ta shigo da waya cike da hotunan ɗakuna farare, babu komai cikinsu sai fure a kwalba.

Ta riƙe ƙugu ta ce, "Amarya, in surukanki sun ga wanga jere sai su tambayi nawa nawa kuke sayarwa."

Muka shafe bango da farin fenti kafin azahar. Ya yi kyau ƙwarai, sai dai jeren ya ƙara fitowa kamar tsohuwa a ajin 'yan firamare. Na taka kujera na kama kwallar sama. An cusa tsumma da guntun katako tsakaninta da sili.

"Ta ƙi hita," na ce.

"Ja mana! Haka za ki tuƙa tuwon gidan miji?"

Na ja.

Da farko wani ƙara na ji, kamar tsoho na gyaran murya. Sai rabin silin ya sauko mini a ka. Wani baƙin gari ya zubo kamar an juye buhu, kashin jemage na shekara da shekaru, da warinsa mai hawa ka. Bayansa masu kashin suka biyo. Suna marin fuskata, suna tsuwa, suna manne wa ɗanyen fenti. Ɗaya ya shige ɗankwalina, na ji ƙananan faratansa a tsakiyar kitsona. Ko yanzu da nake rubutawa sai da na shafa wurin.

Taubashiyata ta yi waje, ta ja ƙofa ta rufe da ni a ciki. Wai don kar su cika gida.

Ihun da na yi ya kai bakin titi. A ƙasarmu yanzu ba a wasa da ihu, don haka maƙwabta suka fito da sanduna, matar liman da taɓarya. Suka ɓalle ƙofa suka same ni durƙushe, baƙa wuluk, na kifa kwallar a kaina.

Inna ta dawo bayan la'asar. Ta dubi sama, ga kwanon rufi ana gani. Ta dubi bango, ta dube ni.

"Ina murfin kwallata?"

Sai da aka nemo shi a ƙarƙashin gado ta zauna. Ta ce tun shekarar da ta yaye ni katakon kusurwar nan ya ruɓe, ta ƙara kwalla ta tokare shi.

"To mi ya hana ki hwaɗi, Inna?"

"Da na hwaɗi da kin kira kafinta. Shi ko da ya zo, jerena zai ce a sauke."

Aka kira kafinta, ya ce sai mako mai zuwa. Muka wuni Juma'a muna shara da turaren wuta. Inna ta fito da fararen zannuwan gado, aka ɗaura su a jikin katakon rufi. Kusurwar da babu abin ɗaurawa kuwa, jeren ne ya koma ya riƙe ta.

Asabar baƙi suka zo, aka kira ni gaisuwa. Na durƙusa, kai a ƙasa, ido ta gefen mayafi yana sama. Can na hango shi: wani ɗan dunƙule a cikin zanen, yana rarrafe a hankali, ya zo daidai kan babbar gwaggo ya tsaya. Zanen ya ɗan lotsa. Haƙorana suka fara kaɗawa, gaisuwar ma da ƙyar ta fita.

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah! Ku dubi yadda jikinta ke rawa. Yarinya mai kunya irin wannan ta yi wuya yanzu."

"Haka na raine ta," in ji Inna, ko gezau.

"Wannan kuma wane irin sili ne, Hajiya?"

"Sabon yayi ne. Ita ta yi da hannunta."

Daga bayan taga na ji taubashiyata ta shaƙe da dariya. Dunƙulen ya motsa, ya nufi kusurwa, ya ɓace a bayan kwalla. Baƙi suka ci kifi suka tafi suna sa mini albarka.

An sa rana, kafinta ya zo ya yi sabon sili, jere yana nan inda yake. Inna ta ce in zan tare, kwallar saman ita ce gudummawarta, ko da ɗakin mijina zai buƙaci tokari.