Zuwa Guci kan karatun ƙanwata

Mun tashi da asuba daga Magarya, ni da ƙanwata, a kan moto, wato babur, da na aro wajen maƙwabci. Bana ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, kuma ta kafe sai karatun tsara muhalli: yadda ake shata unguwa, a fidda wa ruwa hanya, a san inda itace zai tsaya. Bursu, tallafin karatu na gwamnati, bai fito mata ba. Makarantar da take so a ƙasar waje take, in Baba zai biya sai ya sayar da shanun huɗarsa duka biyu. Shi ya sa ya ce mu je Guci wurin ɗiyar amininsa da ta yi irin karatun a waje, mu ji abin da ake samu a ciki.

Hatsi ya fidda kai dama da hagu, wake ya shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Inda rairayi ya yi yawa sai mu sauka mu tura moton, mai shirin tsara gari tana haki tana cewa da wannan hanyar za ta fara. A Dungas muka sha fura da nono mai sanyi. Esansin kwalba, wato fetur, ya fi na gida tsada. Na yi ta ciniki, mai shi ya hana ni ragi, ya bi ni da addu'ar sauka lafiya.

Ran kasuwa muka tarar a Guci, amalanke ko'ina. Bayan rumfunan ƴan hatsi muka sami ɗiyar aminin Baba, da malafa a ka, tana nuna wa leburori inda za su haƙa magudana, don duk damina nan ruwa ke kwanciya ya jiƙa buhuna. Ta kai mu masaukinta, ta sa aka kawo tuwo da miyar yakuwa.

"Ba zan ruɗe ki ba," ta ce wa ƙanwata. "Bayan dipilom shekara biyu na yi a zaune. Yanzu ma kwangila ce. In akwai aiki na fi malamin lakwal, mai koyar da yara, samu, in ya ƙare sai in koma kan abin da na ajiye. Gonar da babana ya jinginar saboda ni har yau ba ta dawo ba."

Idon yarinyar ya kawo ruwa. "Yaya, kin yi da-na-sani?"

"Karatun, a'a. Wurin da na yi shi ne ya fi ƙarfinmu."

Ta ba ta shawarar ta fara da iniversite a nan cikin ƙasa, lokacin hutu kuma ta zo ta koyi awo a hannunta, ci da kwana duk a kanta.

A hanyar dawowa muka sake wucewa ta Dungas. Sannan ƙanwata ta taɓa kafaɗata ta ce, "Yaya, a bar wa Baba shanunsa. A gida zan fara, amma karatun ba zan canza ba."

Ana kiran magariba muka shiga Magarya. Da Baba ya gama jin bayani ya daɗe yana sa wa ɗiyar amininsa albarka. Ni abin da na koya: kafin a biya wa yaro karatu, a je a zauna da wanda ke cin abinci da shi. Mun gode wa Allah da ya haɗa mu da wadda ba ta ɓoye mana wahalarta ba.