Yadda Na Je Bayan Pambeguwa Na Ɗauko Ƙanena Daga Hannun Wanzami

Ku matso kusa 'yan'uwa, ku gyara zama, don abin da idona ya gano mini a makon jiya ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Kun dai san ni, ba mai yawo ba ce. Daga Ƙofar Kuyambana ta nan birnin Zariya in na yi nisa, to suna ne ko biki a Tudun Jukun. Sai ga wani direba ɗan unguwarmu ya yi sallama a zaure, ya ce wa Malam maigidana ya ga ƙanena a wani ƙauye gaba da Pambeguwa, kuma wallahi da ƙyar ya shaida shi. Ƙanen nan nawa ni na goye shi bayan rasuwar Innarmu. Soja ne, kofur, an kai su Laberiya, ya dawo ba lafiya, aka sallame shi, ya koma garin su matarsa yana ɗan noma. Duk wanda ya aiko, maganar ɗaya ce: a ce wa Yaya jiki da sauƙi.

Mun tashi da asuba ni da Malam, na ƙulle alkaki da yaji da daddawa, shi kuma yana ta mita wai kamar can ba a sayar da daddawa. Daga Ƙofar Doka muka nufi tasha, muka tarar da wahalar man nan ta ninka kuɗin mota. Kamasho ya cusa mu a bas kamar buhunan gero, aka ɗora mini kwandon wata mai kaji a cinya. Ba mu bar gari ba sai da direba ya tsaya wajen 'yan bumburutu ya sayi mai a galan, yana tsaki yana zubawa.

Hanyar kuwa damina ta gama cinye ta. Wajen Soba rami na bin rami, mota ta karkata nan ta karkata can, kajin suna kuka, ni ina salati, Malam kuwa barcinsa yake yi har da minshari. Amma gonaki sun yi kyau, masara ta fi mutum tsawo, ga rake kore shar a fadamu. A Dutsen Wai na sayi gasasshiyar masara mai zafi, araha kamar kyauta, ba irin 'yar ƙanƙanuwar da ake sayar mana a Birni ba. Pambeguwa kuwa mararraba ce mai hayaniya, doya jibge a bakin titi, ga masu kifi suna tura wa mutum tire har cikin taga. Nan muka canza mota zuwa ƙauyen.

Matar ƙanena ta tarbe mu da gudu, tana ganina ta fashe da kuka. Na ce ina shi? Ta ce, “Yaya, yana gindin mangwaron bayan kasuwa. Yau ranar wanzami ce.” Na ɗauka aski ya je. Malam ya ce in zauna in huta shi ya je ya kira shi. Ina! Na gyara mayafina na bi bayansa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsofaffin sojoji ne na yankin, ba su da yawa, sun jeru a kan wani gungume kamar masu jiran fareti. Kowa ya zare hannun hagu daga riga, kowa da ƙaho kafe a damtsensa. Har a nan ma girma suke bi, Sajan ne a farko, kofurori na biye. Na duba fuskokin kaf ban ga nawa ba, sai da na ji an ce “Yaya” daga can ƙarshe. Mutumin da da hannu ɗaya yake ɗaga mini turmi, ya koma kamar karan dawa, idanunsa fari fat. Damtsen kuwa ya kumbura yana sheƙi, tsaga kan tsaga, sabuwa kan tsohuwa, tsakiyar ta zama gyambo, ƙudaje na bi. Na zauna a ƙasa daɓas.

Sajan ɗin, wani dogon dattijo mai ladabi, shi ya yi mini bayani, yana ta ce mini Hajiya, ni kuwa ban musa ba. Ya ce kafin a sa su a jirgin Laberiya an jera su an yi musu allurar rigakafi iri-iri a hannun hagu, ba wanda ya gaya musu ta mece ce. Tun da suka dawo kuma gajiya ba ta sake su ba, ga ciwon gaɓoɓi, ga ciwon kai, ga mantuwa, mutum ya fito da fartanya ya rasa inda za shi. Sun je asibiti an ba su ƙwayoyi an ce su huta. Ana nan sai wani cikinsu ya ji a rediyo cewa sojojin Turawa da suka yi yaƙi a ƙasar Larabawa su ma irin kukan da suke yi ke nan, har wasu na zargin wani haɗi da ake zubawa cikin ruwan allurar. Shi ke nan suka yi shawara: ta inda abu ya shiga, ta nan za a zuƙo shi. Duk ranar kasuwa sai ƙaho, kuma a daidai gurbin allurar.

Wanzamin ya cire ƙahon ƙanena ya zazzage, Sajan ya nuna mini da yatsa. “Kin ga baƙinsa, Hajiya? To shi ne yake fita kaɗan-kaɗan.” Ni dai na sha gyaran kaji, na san ko jinin kaza in ya jima baƙi yake yi. Wanzamin ma da ya ga fuskata sai ya ce, “Baba, na gaya musu ba a maimaita ƙaho a wuri guda, balle kan ciwo. In na ƙi, da reza suke yi wa juna.”

A gida matarsa ta ƙarasa mini. Zazzaɓi yake kwana da shi, hannun ba ya ɗaguwa. Ta kai shi ɗakin shan magani na garin, ma'aikacin ya ce sai allura, yana jin haka ya ɗauki hularsa ya fita. Na dube shi na ce gobe Zariya za mu. Ya ce, “Yaya, ki yi haƙuri, saura kaɗan ya gama fita.” Na ce, “Saura kaɗan kai ka gama fita dai! Ko ka bi ni, ko ranar kasuwa in je gindin mangwaron nan in cire ɗankwali in yi ta kururuwa gaban Sajan ɗinka.” Ya san zan aikata. Ya yarda, amma da sharaɗin ba mai soka masa komai. Na ce mu je dai.

Washegari muka kamo hanya, muka sa shi gefen taga don kada a bugi hannun. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya cije leɓe. Wannan karon Malam bai runtsa ba. Da na hango ganuwar Birni sai na ji kamar an sauke mini dutse, amma ba mu biya gida ba, babban asibiti muka wuce kai tsaye.

Bayan dogon layi muka samu wani likita mai furfura a gemu. Da ya kwance tsumman da aka ɗaure hannun da shi, shi kansa sai da ya ja da baya ya yi salati. Ya ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, gyambon kuma ya ci ciki, in aka ƙara jinkiri hannun ne za a rasa, ko abin da ya fi hannu. Ƙwayoyi kaɗai ba za su riƙe shi ba, sai allura. Ƙanena ya miƙe tsaye yana layi, ya ce, “Yaya, mu tafi.” Na riƙe rigarsa ina kuka, ban ma san me nake faɗa ba.

Likitan bai yi masa tsawa ba. Ya ce, “Kofur, zauna ka ba ni labari tun daga farko.” Ya saurare shi har ƙarshe, bai yi dariya ba. Sannan ya ce shi ba zai yi masa ƙarya ba: ciwon da suke ji gaskiya ne, amma bai san abin da ya jawo shi ba. Ya ce lallai akan sa wasu abubuwa cikin ruwan rigakafi don kada ya lalace ko don ya ƙara aiki, kuma masana na can suna bincike kan kukan sojojin nan, sai dai har yanzu ba a tabbatar da cewa laifin allurar ne ba. Mutumin da ya sha dajin yaƙi, da zazzaɓin can, da ruwan can, da abin da idonsa ya gani, abubuwan tuhuma suna da yawa. Abu ɗaya ya ce zai iya rantsewa a kai: ruwan allura ba ya zama a damtse shekara da shekaru yana jiran ƙaho. Jininsa kawai ake kwashewa.

Daga nan ya aika aka kawo 'yar kwalbar allurar da za a yi masa, ya sa masa a tafin hannu. Ya karanta masa sunan, ya gaya masa aikinta, da sau nawa za a yi, da abin da zai iya ji bayan an yi. Ya ce, “Jikinka ne. In ka ce a'a, ba mai taɓa ka.” Ƙanena ya daɗe yana jujjuya kwalbar. Can ya ce, “Likita, duk zamana a soja ba wanda ya taɓa nuna mini kwalba.” Ya miƙa ta, ya juya ya gyara kwanciya. Ni na kau da kai, don ni ma, kar ku gaya wa kowa, ba na son ganin tsinin abin nan.

Sun riƙe shi 'yan kwanaki, yanzu yana nan ɗakin zaurenmu, matarsa ta biyo mu. Zazzaɓin ya sauka, kumburin na sacewa, jiya har ya cinye tuwo ya nemi ƙari. Gajiyar da mantuwar dai suna nan, likita ya ce za a ci gaba da dubawa, bai yi mana alkawarin komai ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, in ka bar mutum da ciwo ba ka ba shi amsa ba, shi zai nemo wa kansa amsa, ko da kuwa da aska ce. Ni 'ya'yana duk an yi musu rigakafi, ga su nan garau, kuma gobe in aka zo na jikoki ni zan miƙa su, sai dai zan ce a gaya mini ta mece ce. Na kuma daina yarda da “jiki da sauƙi” sai na gani da idona. Nawa dai na ɗauko shi. Amma jibi kasuwar ƙauyen nan za ta ci, Sajan da sauran za su sake jeruwa kan gungumen nan su zare hannun riga. Don Allah ku gaya mini, su kuma wa zai je ya zauna ya saurare su, ya nuna musu kwalbar?