Rigar da Na Yi wa Talla Ban Taɓa Jiƙa Ta Ba

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko wa wannan fili, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa.

A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne mai shekara ashirin da 'yan kai. Na gama makarantar horon malamai, aiki ya ƙi samuwa, sai na kama gyaran waya a wata 'yar rumfa kusa da kasuwar Yelwa a ƙasar Yauri. Baki gare ni, wannan kam kowa ya shaida. Na buɗe shafi a intanet ina ɗora bidiyon bakin ruwa: yadda ake sauke kifi, yadda mata ke banda, da barkwancin 'yan kabu-kabu. Kafin shekara ta zagayo, daga Shanga har Wara babu inda zan sauka ba a nuna ni ba. Kaina ya kumbura, ba na musu. Har tafiyata sai da ta canza, Inna ta ce ina taku kamar wanda aka ba sarauta.

Ana nan sai wani kamfani daga kudu ya aiko mini da saƙo. Suka ce suna sayar da rigar hana nutsewa, irin wadda ake sawa idan za a shiga jirgin ruwa, kuma suna neman wanda mutanen bakin tafkin Kainji ke jin maganarsa. Za su ba ni wata lamba tawa ta kaina, duk wanda ya saya da lambar ina da kamasho. Ba zan ajiye kaya ba, ba zan buɗe shago ba, bakina kawai ake so. Suka aiko mini da guda ɗaya kyauta, ruwan goro, fes da ita, har da usur a kafaɗa. Na sa ta, na tsaya a kan tudu tafki yana bayana, na zuba zance. Na ce duk wanda ya sa wannan riga ko kwana zai yi a ruwa ba zai nutse ba. Wallahi ba su suka ce in faɗi haka ba, ni na ƙara don maganar ta yi armashi.

Masunta dariya suka yi mini, su da suka koyi iyo kafin su koyi tafiya. Waɗanda maganar ta shiga ransu su ne mata 'yan kasuwa masu tsallakowa daga gungu, wato tsibiran da ke cikin ruwa, domin yawancinsu ba su iya iyo ba, kuma kowa ya san yadda jirgi kan kife idan iska ta taso. Mazansu da 'ya'yansu suka riƙa nuna musu bidiyon a waya, su kuma su biyo rumfata in yi musu oda da lambata, kaya su iso tashar mota. Cikinsu har da yayata, wadda muke ciki ɗaya, da ke aure a wani gungu tana kawo daddawa duk ranar kasuwa. Ta ce tunda ƙanenta ne ya faɗa, ba ta da sauran tambaya. Ni kuwa har ji nake lada nake samu.

Wata safiya, saura kwana biyu kasuwa ta ci, kawuna ya aiko in same shi a bakin ruwa. Ƙanen Inna ne, tuƙin jirgi ya tashi da shi har ya yi furfura, kuma shi ke ɗauko su Yaya. Mutum ne marar yawan magana, amma idan ya yi sai ka gwammace mari. Na same shi da riga ɗaya a gabansa. Ya ce wata mata ce ta manta da ita a ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa, in ɗaga in ji. Na ɗaga, na ji ta kamar bargon da aka tsamo daga wanki, ruwa na zuba ta ko'ina. Na fara kame-kame, na ce ai kamfani ya tabbatar, akwai ma takarda. Ya tambaye ni ko ni na taɓa shiga ruwa da ita. Na ce ban taɓa ba. Ya ce shi ko igiya ba ta shiga jirginsa sai ya jiƙa ta ya ga halinta, balle abin da za a rataya wa rai.

Ya ce in koma in ɗauko tawa, sabuwar nan da na yi hoto da ita. Da na dawo ya sa ni a jirgi, shi da abokin aikinsa mai riƙe injin, muka matsa inda ruwa ya fi tsayin mutum. Ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya karɓi wayata ya miƙa wa abokin nasa, ya ce ya ɗauki bidiyo tunda ni ɗan hoto ne. Nan fa ido ya raina fata. Abin kunyar da na ɓoye shekara da shekaru ya fito: ni ɗan Yauri ne amma ban iya iyo ba, a cikin gari na tashi. Na faɗa masa. Ya ce madalla, matan da na sayar wa ma ba su iya ba, in sauka.

Da farko rigar ta ɗauke ni, har na fara murmushi ina kallon waya. Kawu ya ce in dakata tukuna. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, amma bai kai a sha shayi a tashi ba na ji kafaɗuna sun yi nauyi. Ruwa ya zo haɓa, ya zo baki. Na yi ta bugun ruwa, rigar na ja na ƙasa kamar wani ya riƙe ni ta baya. Na kurɓa, na sake kurɓa, salati ma ya kasa fita. Sai da na ga duhu sosai sannan ya finciko igiyar. Ina kwance cikin jirgi ina amai ya sa wuƙa ya farke rigar. Soson katifa ne a ciki, Edita, soson katifa zalla.

Na yi kuka, ba don ruwan da na sha ba. Kawu bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dai ce bakin da ya kai rigar gungu shi zai je ya dawo da ita. A ranar na ɗora bidiyon yadda yake, da ihuna da amaina, na nemi gafara, na ce kada kowa ya ƙara sa ta. Kamfanin ya kira yana barazanar kai ni kotu idan ban goge ba. Da na ƙi, suka rufe lambata suka ɓace. Kawu ya ajiye lodinsa na kwana biyu, da mansa da jirginsa, muka bi gungu gungu muna karɓo riguna. Wasu matan sun wanke ni tas, kuma sun yi daidai. Wata tsohuwa kuwa ta dafa kaina ta sa mini albarka, ta ce da na yi shiru wa zai sani. Kafin ranar kasuwa babu ko ɗaya da ta rage a hannun kowa. Inna ta kwashe soson ta ɗinka matasan kai, ta ce aikinsa ke nan tun asali.

Har gobe ina talla a intanet, sana'a ce ta halal, da ita nake riƙe da iyalina. Amma yanzu ko sabulu ne sai na yi wanka da shi sati guda kafin in buɗe baki. Na gode wa Allah da ya sa matar nan ta yi mantuwa, na gode wa kawuna da ya zaɓi ya tsorata ni maimakon ya kunyata ni a kasuwa. 'Yan'uwana masu shafuka, ku sani kamfani ba kayansa yake ba ku ba, amanar da mutanenku suka ba ku yake haya. Shi yana can nesa bai san fuskar kowa ba, kai ne za ka je gaisuwar mutuwa.

Wanda yake ganin na cika tsanani, ya ji wannan. Da muka isa gidan Yaya na durƙusa ina ba ta haƙuri, na ce sau nawa ta tsallaka ruwa da wannan abu a jikinta. Ta ce ita ai ba ta taɓa sawa ba. Guda ɗaya ta iya saya, don haka duk tsallakawa 'yarta mai shekara huɗu take ɗaura wa, ta ja igiyoyin tamau don kada ta zame.