Yaya da Babban Bawul

Yayata shekara ashirin da shida ta yi tana aiki ɗaya: ta saurari tsofaffin kaset na hirar da aka yi da dattawa, ta buga abin da suka faɗa a takarda. Ofishinsu dogon ɗaki ne a saman bene a gidan adana tarihi, taga ɗaya, fanka mai kuka, kantoci cike da kwalaye. Tafireta suke ce mata a can, har bayan an kwashe tafiretocin an kawo kwamfuta.

Wani zazzaɓi ya kwantar da ita wata guda. Ta tashi kunnen hagu ya yi nauyi, na daman ma ba kamar da ba. Ba ta ɓoye wa kowa ba. Sabon ogansu, wanda bai girmi ɗanta na fari ba, ya kira ta ya ce za a mayar da ita ƙasa wurin karɓar baƙi, ta riƙa miƙa rajista ana sa hannu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kunnena ne ya yi nauyi, kaina lafiyarsa lau. Ba ni mako uku."

"In ba ki ji ba fa?"

"Sai in kawo maka takardar ajiye aiki da hannuna. Amma ƙasa kam ba zan sauka ba."

Babanmu, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne tun zamanin da ake yin su da bawul, 'yan kwalaben nan da ke yin ja idan sun ɗau zafi. Bai taɓa zaunar da Yaya ya koya mata ba, amma ita ke jera masa su a gwangwanayen biskit, kuma duk abin da hannunsa ya yi idonta na kai. Da ya rasu, autanmu ya gaji shagon ya mayar da shi na gyaran waya. Can ta nufa daga ofis, ni ma ta ja ni.

Auta ya ce, "Haba Yaya, wa ke ta bawul yanzu? In na'urar ƙara sauti kike so, ga ƙaramar amfilifaya nan ta zamani, ki sa a jaka."

Ta jona hedifon ɗin ofis, wani ƙato mai kama da marufin kwano biyu, ta murɗa. Ta yamutsa fuska ta miƙa masa abinsa. "Wannan ihu take yi. Ina gwangwanayen Baba?"

Suna ƙarƙashin benci, ƙura ta rufe su. Ta kwashe duka, har da ƙarfen narka dalma.

Teburin cin abincinta ya koma shago. Amfilifayar farko da ta haɗa, ƙaramin bawul ta sa mata, bai wuce babban yatsa ba. Na sa hedifon na ji muryar wani tsoho tangaran, na ce ai an gama. Ita kuwa ta saurara, ta ƙara murɗawa, ta girgiza kai.

"Ke da kike da kunne biyu kin gama. Wannan bawul murya gare shi mai daɗi, amma ba shi da ƙashin baya. Hedifon ɗin nan wuta yake ci. Da na matsa wa bawul ɗin sai ya fara yi min ƙarya, tsoho ya ce sara in ji shara. Ina son wanda zai ɗauki nauyin bai ko yi nishi ba. Ƙara kawai ai sauran kunnen za ta ƙarasa min."

Ta zaro wani mai faɗin kofin shayi. Ƙafafunsa ba su shiga mazaunin ƙaramin ba, sai da ta sake mazauni, ta sake rabin wayoyin. Da ta kunna, minti goma ba a yi ba ƙauri ya cika falo. Taransifomar ce ta gaza, don babban bawul cinsa ya ninka na ƙaramin. Auta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ta haƙura. Washegari na dawo daga kasuwa na tarar da ita a ɗakina, ta kwance bayan tsohuwar rediyon Baba da nake ado da ita, tana ciro taransifomar ciki.

Na ce, "Yaya, gadona ne fa!"

Ta ce, "Akwatin ne gadonki. Ga shi nan ban taɓa ba."

Ta kuma raba maɓallin murya gida biyu, na hagu daban na dama daban, don kada ta cuci kunnen da ya rage.

Ranar da wa'adi ya cika ta hau bene da abin a cikin kwandon wanki. Oga ya ga kwalba tana ja, ya ja da baya, ya ce za ta ƙona musu tarihi. Ta ce ya kawo kaset ɗin da ya gagari kowa. Aka kawo na wata tsohuwa marar haƙora da aka ɗauka ana ruwan sama a kan rufin kwano. Ta zauna tun safe, kafin tashi ta ajiye masa shafi goma sha ɗaya. Wuri uku ta bar fili.

Ya nuna da biro. "Nan fa?"

"Nan ban ji ba, kuma ba na ƙirƙira wa matattu magana. Ga kujera, gwada da naka kunnen."

Ya gwada. Shi ma bai ji ba, ya cire hedifon ya koma ofishinsa.

Shekara huɗu ta ƙara a teburinta na saman bene. Wata Laraba ta lura filayen da take bari a shafi sun kusa kai rubutun yawa. Ba wanda ya yi mata magana, ita ta tattara kayanta. Ogan ya biyo ta har matattakala yana roƙon ta bar musu amfilifayar, ta ce ya aiko wanda zai zauna ya koyi haɗa tasa. Mata biyu suka zo. Duk Asabar suna gidanta, kuma har yau ɗayar ba ta daina ƙona yatsa da dalma ba.