Ledar da Dakta Safiya ta binne a gonata

Shekara da shekaru ina faɗa, a Abujan nan in ba ka da kati rataye a wuya babu mai amsa maka. Mutum ɗaya ce ta taɓa amsa min. Da safen nan direbanta ya kira ni ya ce ta rasu.

Dakta Safiya.

Ina cikin ba awaki dusa wayar ta shigo. Na ce ya sake faɗa, ya sake. Sai na zauna a kan turmi, har awakin suka cinye dusar ban sani ba.

Ni ban yi boko ba. 'Yata Ladi ce take rubuta wannan, kuma na ce kada ta gyara min magana ko da ta ga na yi zafi.

Duk wanda ya san ni a Karshi ya san ƙorafina. Gonar babanmu, wata rana aka zo da mota aka kafa mata turaku masu jan ƙyalle, aka ce mu yi haƙuri za a duba. Yau gidaje ne a wurin. Ɗan abin da ya rage min a bakin rafi kuma, sai aka mai da tudun da ke samansa bola. Duk ruwan da ya sauka leda yake kawo min. Ka sa fartanya, leda. Ka tono doya, leda ta naɗe ta. Uwar garkena ta yi ta ramewa har ta mutu, da aka farke cikinta dunƙulen leda aka ciro, ya kai kan jariri. Na busar da shi na sa a buhu na bi ofis-ofis. Wannan ya ce oga ba ya nan, wancan ya ce in rubuto. Wani ma hanci ya toshe.

To ku gaya min, mutumin da aka yi wa haka ya fito da safe ya ga motar gwamnati a bakin gonarsa, ga wata mata da hijabi da takalmin roba tana kafa turaku masu jan ƙyalle, me zai yi?

Na tumɓuke su duka na watsa a rafi. Maƙwabta suka taho da fartanyoyi. Ashe ta nemi izinin mai unguwa, shi ne bai gaya min ba. Wannan ma wani ƙorafin ne. Amma har gobe ba zan ce na yi kuskure ba.

Matar nan ita ce Dakta Safiya. Ba ta gudu mota ba. Ta tsaya na gama faɗana kaf, sannan ta rusuna ta gaishe ni ta ce, "Baba, ban zo raba ka da gona ba. Masu cin leda na zo nema."

Na ce mai cin leda ɗaya na sani, ita ma ta mutu.

Ta ce tana so ta gani. Ita kaɗai ce a duk yawona ta kwance bakin buhun nan. Ta sa safar hannu ta yi ta juya dunƙulen, ta tambaye ni shekarun akuyar da 'ya'yan da ta haifa min.

A gindin mangwaro ta yi min bayani. Ta ce a cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke cinye ganye da kashin dabba su mai da su taki. Leda baƙuwa ce a wurinsu, shi ya sa suke barin ta. Amma inda leda ta daɗe a jibge, irin gangaren bola, wataƙila wasu sun fara koyon lasarta. Su take nema. Tana kuma so ta gwada wata sabuwar leda da ake yi da garin rogo. Za ta binne iri-iri a 'yan jakunkunan raga, ta riƙa tonowa tana aunawa.

Na ce ta binne, amma turke ba zai sake shiga gonata ba. Ta tambaya yaya muke yin iyaka a nan. Na ce bini-da-zugu muke dasawa. Shi muka dasa, rami uku, kowanne da nasa. Da hannunta ta dasa, a karkace ma, na gyara.

Tun daga nan ba ta taɓa zuwa ta tsaya daga nesa ba. Za ta zauna ta ci gasasshiyar doya da manja. Ni Kirista ne, ita Musulma, matata Saratu ce take kai mata ruwan alwala da tabarma. In na kira ta tana mitin, sai ta kira ni in ta fito. Ku masu ofis ku sake karanta wannan layin.

Wata rana ta turo mota aka kai ni wurin aikinta. Aka ba ni kujera. Ta ɗiga ruwan ƙasar gonata a ɗan gilashi ta sa a wata na'ura mai ƙara girman abu, ta ce in leƙa. Na ga abubuwa suna ta motsi kamar ranar kasuwa. Ta ce, "Leburorinka ne, Baba. Tun zamanin kakanka suke maka aiki, ba ka taɓa ce musu sannu ba."

Ba ta kuma taɓa min ƙarya ba. Na kawo mata zancen gonar babanmu, ta ce ba hurumin ofishinsu ba ne, ba ta da iko, ba za ta yaudare ni ba. Na yi fushi sosai. Amma amsa ce.

Da aka tone rami na farko, ledar rogo ta yi huji-huji kamar tsumma. A na biyu ba mu same ta ba sam, sai ragar. Akwai wata ta kasuwa da aka ce mai ruɓewa ce, ita ta ragargaje ƙanana-ƙanana. Ni na yi murna, ita ta ɓata rai. Ta ce ba ruɓewa ta yi ba, farfashewa ta yi, tana nan a ƙasar, ganinta ne ya yi wuya. Ledar ruwan sha ta fiya wata kuwa ko rubutun jikinta bai goge ba. Na yi mata dariya na ce leburorin nata sun ƙi aiki. Ta ce in ba su lokaci, ni ma ba rana ɗaya na yarda da ita ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan damina ce. Ta rame. Ba ta iya gangarawa rafi ba, a bakin mota ta zauna. Na tsokane ta na ce abincin ofis ne ba ya riƙe mutum. Ta yi dariya. Ban san tana jinya ba, yau direban yake gaya min ta daɗe tana fama.

Ranar na yi mata tambayar da na daɗe ina yawo da ita. Ledar nan za ta taɓa ƙarewa a ƙasata, ko jikokina ma ita za su riƙa tonowa?

Ta ce maganin farko dai a daina zubarwa, kada a jira ƙananan halittu su share wa manya ƙazantarsu. Sannan ta ce, "Sauran ban sani ba tukuna, Baba. Ramin ƙarshe ne zai fara gaya mana. Kada ka ƙona wurin, kada ka sa masa fartanya. Ko ban zo ba, wani zai zo."

Ban ƙona ba. Ban noma ba. Wurin shi ne mafi damshi a gonar, Saratu ta yi mita har ta gaji. In maƙwabta za su sa wa gonakinsu wuta sai na share kewayensa tukuna.

Amma rafi yana cin gaɓa kowace shekara. Yanzu tsakanin bini-da-zugun ƙarshe da bakin ruwa bai fi tsawon sandata ba. Hadari ya fara haɗuwa. Ruwa ɗaya mai ƙarfi zai tafi da shi. Da zan iya da na tono da kaina, amma ta ce sai da safar hannu da kula mai sanyi da ma'auninta, in ba haka ba wahalar shekarun ta tafi a banza.

Allah ya jiƙan Dakta Safiya, ya gafarta mata, ya sa ta huta. Ya ba iyalinta haƙuri. Duk wanda ya karanta, na masallaci da na coci, ya sa ta a addu'a.

Ku kuma abokan aikinta, na san wannan zai iske ku. Kada wani ya ce min oga ba ya nan. Kada wani ya ce in rubuto, ga shi na rubuto. Ita ta ce wani zai zo. Ina so in san waye, kuma yaushe. Ku zo kafin ruwa, ku bar turakunku a mota, ku tone ramin ku auna, sannan ɗayanku ya zauna a gindin mangwaron nan ya gaya min abin da ya gani.